Tsayin Famfo

Ni ne Lawandi mai gyaran famfo,
akwatina guda, sifana uku, ɗaya ba haƙori.
Shekara ashirin ina ɗaura bututu,
ban taɓa auna kome da tsawon yaro ba.
Daga ƙuguna nake awo, in ce ya yi,
in karɓi kuɗina in ƙara gaba cikin Daura.

Wata Laraba masinja ya yi sallama:
ka zo sakatariya, akwai zama.
Na ce kwangila ce, na sa rigar Juma'a.
Na iske kujerun manya jingine da bango,
tabarmi a shimfiɗe, kansila a ƙasa, hula bisa gwiwa,
shugaba ma ya tuɓe takalmi,
ga 'yan firamare sun fi talatin, sun yi tsit.
Aka ce yau bakinmu da zare, magana ta yara.

Shiru ya yi tsawo har fanka ta gaji.
Sai wani Mannir, aljihu cike da goriba,
ya ce filin ƙwallonsu an jibge masa yashi da bulo.
Wa ya saya? Ba wanda ya tanka.
Kansila ya yi tari, ya ce za a duba,
ya gyara zama, ya sake gyara.

Wata ta ce lambatun bakin makaranta
ya ci takalminta, saura ƙiris ya ci ƙanenta.
Wani ya ce ba shi da takardar haihuwa,
malam ya ce kawo, baba ya ce gobe,
goben nan ta shekara tara.

Sannan Sahura ta miƙe, ko ƙirjina ba ta kai ba.
Ta ce, famfon Sarkin Yara, wa ya ɗaura?
Na ɗaga hannu, na fara washe baki.
Ta ce, sai mun ɗora bulo biyu mu taka,
ran da bulon ya goce, ga shi nan.
Ta nuna tabo a haɓa, fari, ƙwayar shinkafa.
Unguwa da sunanmu, ta ce, famfo na manya.
Hannuna na sama, na rasa yadda zan sauke shi,
gumi ya karyo, ba iskar da ta hura.

Asabar da sassafe na je da zarto.
Na ce, Sahura, tsaya nan, miƙo hannu.
Inda yatsunta suka tsaya na sa alli.
Kamu ɗaya ne, jama'a, kamu ɗaya!
Mata suka ce, to mu sai mun duƙa ke nan?
Inna Tabawa ta ce, wanda ya haifa ai ya saba duƙawa.
Duk da haka na yi baki biyu, babba da ƙarami,
ruwa guda, ba mai jiran wani ya tara.

Kada in yi muku ƙarya, ba duka aka yi ba.
Lambatu an rufe rabi, siminti ya ƙare.
Takardar haihuwa kam an kafa tebur gindin dalbejiya,
ranar kasuwa layi har bakin titi,
yaron nan ya riƙe tasa da hannu biyu kamar ƙwai.
Filin Mannir kuwa, bulo na nan, har ya yi ciyawa.
Duk wata sai ya je zama ya tambaya,
an fara kauce masa a hanya,
shi ko bai gaji da jira ba, yana jira.

Guntun bututun da na yanke yana akwatina,
'yan gwangwan sun taya, na hana.
Yanzu in an kira ni aiki, kafin in taɓa awo,
sai in durƙusa in dubi gari daga ƙasa:
matakala doguwa, sakata a sama,
babur ya taho kamar bijimi.
Mai wucewa ya ce, Lawandi, me ya faɗi?
In ce, ba abin da ya faɗi,
daga nan ya kamata tun farko a fara.